Tambaya Mabuɗin Ilimi: Ƙarfen da Ke Kama Wuta a Cikin Ruwa

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun fito daga garuruwa daban-daban, masu su kuma sana'arsu ba ɗaya ba ce, amma dukansu abu guda suke kewayawa, wato abin da ke faruwa idan wasu ƙarafa, ko sinadaran da aka samu daga gare su, suka haɗu da ruwa. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani ɗalibin lise a Marwa: Assalamu alaikum, Malam. Wani abokina ya nuna mini bidiyo a waya, inda aka jefa gutsuren wani farin ƙarfe a cikin ruwa, ya riƙa yawo a sama yana tsuwa, daga baya ya kama da wuta ya fashe. An ce sunansa sodiyam. Malaminmu kuma ya ce akwai sodiyam a cikin gishiri da kanwa. In haka ne, me ya hana tukunyar miya fashewa? Kuma a ina zan samo shi in gwada da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka gani ba siddabaru ba ne, malaminku kuma gaskiya ya faɗa muku.

Sodiyam ƙarfe ne, sai dai ba irin wanda maƙera suka sani ba. Yana da taushi ƙwarai, wuƙa tana ratsa shi ba tare da wahala ba, kuma wurin da aka yanka yakan fito yana ƙyalli da launin azurfa, amma kafin ka ƙirga goma ƙyallin ya dushe, domin iska da laimar da ke cikinta sun riga sun fara cin sa. Saboda haka a ɗakin gwaje-gwaje ba a barin sa a sarari. A kwalba ake ajiye shi, an nutsar da shi cikin kananzir ko wani mai da ba ya gauraya da ruwa. Bai kai ruwa nauyi ba, domin inda ruwa ya auna giram 1, sodiyam mai daidai wannan girma giram 0.97 zai auna, shi ya sa yake tasowa sama. Yana kuma narkewa a digiri 98 na ma'aunin Salshiyas, wato tun kafin ruwa ya tafasa, alhali baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,500. Ka riƙe waɗannan halaye biyu, rashin nauyi da saurin narkewa, domin su ne rabin bayanin abin da ka gani.

Ɗaya rabin yana cikin ƙirar ƙwayar zarrarsa, wadda ake kira atam. Kowane atam na sodiyam yana da ilektaron 11, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, da ke kewaye da cibiyarsa hawa-hawa: 2 a hawan ciki, 8 a hawa na biyu, sai guda 1 tak a hawan waje. Cibiyar ba ta riƙe wannan na wajen da ƙarfi ba, domin ya yi mata nisa, kuma goman da ke ciki sun shiga tsakaninsu sun rage ƙarfin jan da take yi masa. Da zarar sodiyam ya sami abin da zai karɓi wannan ilektaron sai ya sake shi, ya saura da cikakken hawa mai 8, wanda shi ne yanayin da ya fi ɗorewa a kai. Ruwa kuwa mai karɓa ne. Kowace ƙwayar ruwa haidurojin biyu ce da oksijin ɗaya, kuma idan ilektaron ya shige ta, haidurojin ɗaya yakan ɓalle ya haɗu da wanda ya ɓalle daga wata ƙwayar, su tashi tare a matsayin iska. Abin da ya rage a narke cikin ruwan shi ne sodiyam haidiroksaid, wato sodar nan mai ci da masu yin sabulu ke saye a kasuwa. A littafinku za ka ga an rubuta shi haka: 2Na + 2H₂O → 2NaOH + H₂.

Lissafin yana da kyau a san shi. Giram 23 na sodiyam yana cinye giram 18 na ruwa, ya bar giram 40 na soda da giram 1 na haidurojin, kuma wannan giram ɗaya da kake rainawa yakan cika kusan lita 12 a zafin ɗaki. Tare da haka ana samun zafi kimanin kilojul 184, wanda ya isa ya ɗaga zafin litar ruwa guda da digiri 44. Matsalar ita ce wannan zafi ba ya bazuwa cikin ruwan a hankali. A daidai inda ƙarfen ya taɓa ruwa yake fitowa, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Yanzu ka sake kallon bidiyon. Da farko gutsuren yana da kusurwoyi, amma nan da nan zafin da yake haifarwa ya narkar da shi ya zama ɗan dunƙule mai sheƙi. Iskar haidurojin da ke fita ta ƙarƙashinsa da gefensa ita ke tura shi nan da can, ita ce kuma tsuwar da kake ji. Muddin yana yawo, ruwan da yake ratsawa yana ɗan sanyaya shi, kuma ƙaramin gutsure kan ƙare ba tare da ya kama wuta ba. Idan kuwa ya maƙale a jikin kwano, ko an ɗora shi a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ko ya yi girma, zafin yakan taru har haidurojin ya kama da wuta a cikin iskar da ke sama. Harshen wutar rawaya ne, kuma wannan launi na sodiyam ne kansa. Shi ne dai rawayan da kake gani idan miya mai gishiri ta tumbatsa ta zubo a kan murhun gas, shi ne kuma hasken tsofaffin fitilun kan titi masu launin ruwan lemo. A ƙarshe abin da ya saura yakan tarwatse ya watsa narkakkiyar soda, kuma wannan feshi na ƙarshe ya fi wutar haɗari, domin ɗigo guda a ido yana iya makantar da mutum.

To, me ya hana tukunyar miya fashewa? Sodiyam ɗin da ke cikin gishiri ya riga ya ba da ilektaron ɗinsa tun da daɗewa. Ya ba wa kulorin, wanda shi kuma guda ɗaya yake nema ya cika hawansa na waje. Atam ɗin da ya rasa ilektaron ana kiran sa ayon, yana ɗauke da caji mai alamar tarawa, kuma ba shi da sauran abin da zai miƙa wa ruwa. Idan ka zuba gishiri a tukunya, ruwa yana raba ayon na sodiyam da na kulorin ne kawai, ya kewaye kowannensu, shi ke nan. Bambancin ƙarfen sodiyam da sodiyam na gishiri kamar bambancin itace da toka ne: itace yana da abin da wuta za ta ci, toka kuwa wuta ta riga ta gama da ita, ko ka mayar da ita murhu ba za ta kama ba. Abin mamaki ma bai tsaya a kan sodiyam ba, domin shi kulorin a kan kansa iska ce mai guba, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a shekarar 1915. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta ba mu abin da miya ba ta yin daɗi sai da shi, kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa kuma sodiyam ne. Jininka yana ɗauke da wannan ayon, jijiyoyinka da shi suke aika saƙo, kuma shi da ayon na wani ƙarfe ɗan'uwansa mai suna fotasiyam ne ake mayar wa mai gudawa ta hanyar ruwan gishiri da sukari.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a taɓa haƙo ƙarfen sodiyam daga ƙasa yadda ake haƙo zinariya ba, duk da cewa shi ne na shida a yawa cikin sinadaran ɓawon ƙasa. Duk wanda ya taɓa kasancewa a sake ya riga ya haɗu da ruwa ko iska. Ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana cin gishiri da kanwa bai taɓa ganin ƙarfen da ke cikinsu ba, sai a watan Oktoba na 1807, lokacin da wani masani ɗan Ingila, Humphry Davy, ya bi da wutar lantarki daga babban batir ta cikin sinadarin da ake samu daga toka, ya ga ƙananan ɗigo masu ƙyalli suna fitowa, wasunsu suna kamawa da wuta. Wannan shi ne fotasiyam. Bayan 'yan kwanaki ya yi haka da soda ya sami sodiyam. Har yau ta wannan hanya ake samar da shi: a narkar da gishiri, wanda shi kaɗai sai a digiri 801 yake narkewa, don haka ake gauraya shi da wani gishirin kalsiyam ya sauko wajen digiri 600, sannan a tilasta wa ilektaron komawa inda ya fito da ƙarfin lantarki. Ƙarfin da ka ga ya fito a bidiyo a matsayin wuta da ƙara, tun a masana'anta aka zuba shi.

Game da inda za ka samo shi kuwa, ba zan nuna maka ba, kuma ina roƙon ka cire wannan daga ranka. Masu ɗaukar irin wannan bidiyo ba sa nuna maka waɗanda suka ƙare a asibiti. Idan kana son ganin aikin sinadarai da idonka, ka jiƙa zoɓo ka tace, ka raba a kofi biyu, ka matsa lemon tsami a ɗaya, ka zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai juye ya yi duhu ya koma wajen shuɗi ko kore. Irin wannan sauyi ne malamai ke nunawa a ruwan da sodiyam ya narke a ciki, don tabbatar da cewa ya zama ruwa mai kaifin soda.

Tambaya daga wani malamin kimiyya a Njamena: Malam, ina koya wa ɗalibaina cewa fotasiyam ya fi sodiyam zafin rai a cikin ruwa, sodiyam kuma ya fi litiyam. Wani ɗalibi ya kawo mini jadawalin da ke nuna cewa litiyam ya fi su duka fitar da zafi, na rasa amsar da zan ba shi. Sannan littafinmu ya ce ƙonewar haidurojin ce ke kawo fashewar. Shin bayanin ya cika?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Ɗalibin nan naka a riƙe shi da kyau, domin ya taɓo wurin da littattafai da yawa ke tsallakewa.

Abin da kake koyarwa daidai ne. Ƙarafan rukuni na farko a jadawalin sinadarai, wato litiyam, sodiyam, fotasiyam, rubidiyam da siziyam, kowannensu ilektaron ɗaya gare shi a hawan waje, kuma duk lokacin da aka gangara ƙasa ana ƙara hawa guda, ilektaron ɗin yana ƙara nisa da cibiya, cire shi yana ƙara sauƙi. Ƙarfin da ake buƙata don cire shi kilojul 520 ne ga kowane mol (ma'aunin da ake ƙidaya atam da shi) na litiyam, 496 ga sodiyam, 419 ga fotasiyam, 403 ga rubidiyam, 376 ga siziyam. A cikin ruwa litiyam kumfa kawai yake yi a hankali har ya ƙare. Sodiyam yana narkewa yana yawo. Fotasiyam yana kamawa da wuta nan take, da harshe mai launin shunayya mai haske. Rubidiyam da siziyam sun fi ruwa nauyi, suna nutsewa su fashe, wani lokaci har su fasa mazubin.

Jadawalin ɗalibin ma daidai ne. Mol guda na litiyam, wanda giram 7 ne kacal, yana fitar da kimanin kilojul 222 a cikin ruwa, na sodiyam 184, na fotasiyam wajen 196. Dalili shi ne ayon na litiyam ƙarami ne ƙwarai, ƙwayoyin ruwa suna matsowa kusa da shi su riƙe shi gam, kuma wannan riƙo yana fitar da zafi mai yawa da ke cike gurbin wahalar cire ilektaron. Abin da ya kamata a rarrabe wa ɗalibai shi ne yawan zafi daban, saurin fitarsa daban. Litiyam ba ya narkewa sai a digiri 180, don haka yakan zauna a daskare, fuskarsa ta waje kaɗai ruwa ke taɓawa, kuma haidiroksaid ɗinsa ba ya saurin narkewa, yana ɗan rufe shi. Fotasiyam kuwa a digiri 63 yake narkewa, rubidiyam a 39, siziyam a 28 da rabi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena ke haura digiri 40 a inuwa, waɗannan biyu na ƙarshe a narke za ka same su tun a cikin kwalba. Narkakken ƙarfe yana bazuwa, yana miƙa wa ruwa sabuwar fuska a kowane lokaci, zafin ya ƙaru, saurin ya ƙaru, abu ya kai ga fashewa.

Bayanin littafinku game da haidurojin bai cika ba, kuma an daɗe ana zargin haka. Haidurojin ba ya ƙonewa sai da oksijin na iska, amma ana ganin fashewar tana farawa tun a cikin ruwa. Ban da haka, tururi da iskar da ke fita ya kamata su shiga tsakanin ƙarfen da ruwa su rage saurin haɗuwarsu, ba su ƙara shi ba. A shekarar 2015 wasu masu bincike a birnin Prag na Jamhuriyar Cek, ƙarƙashin Pavel Jungwirth tare da Philip Mason, suka ɗiga gaurayen sodiyam da fotasiyam, wanda ruwa-ruwa ne a zafin ɗaki, suka ɗauki hotonsa da na'urar da ke ɗaukar dubban hotuna a cikin daƙiƙa guda. Suka ga cewa kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya wuce, tsinaye na ƙarfe sun fara hudowa daga jikin ɗigon suna soka ruwa ta ko'ina, ruwan da ke gefen kuma ya ɗan yi launin shuɗi saboda ilektaron da suka kwarara cikinsa. Bayaninsu shi ne, ilektaron suna ficewa da sauri har fuskar ƙarfen ta cika da ayon masu caji iri ɗaya, caji iri ɗaya kuma ture juna yake yi, sai ƙarfen ya yayyaga kansa. Wannan yagewa ce ke buɗe sabuwar fuska ga ruwa, tururi da ƙonewar haidurojin kuma su biyo baya. A ganina ya dace ɗalibai su ji wannan labari, domin gwaji ne da aka yi ta maimaitawa a makarantu fiye da shekara ɗari kafin wani ya tsaya ya dube shi da kyau.

Sauran ƙarafa suna bin sahu. Kalsiyam yana kumfa a ruwan sanyi ya mai da shi fari-fari. Magniziyam da ƙyar yake motsi a ruwan sanyi, amma yana ci da wuta a cikin tururi. Baƙin ƙarfe tsatsa yake yi a hankali, sai in an gasa shi ya yi ja ne yake ƙwace oksijin daga tururi. Jan ƙarfe da azurfa da zinariya ruwa ba ya yi musu komai.

Idan makarantarku tana da sodiyam kuma za ka nuna gwajin, kada gutsuren ya wuce girman ƙwayar shinkafa. A ɗauke shi da hantsaki, a goge man da ke jikinsa, a saka shi a babban kwano mai faɗin baki, kowa ya ja da baya, kai kuma da tabarau mai kare ido. Kada a yi shi a kwalba mai ƙaramin baki. Tsohon fotasiyam da ya yi ɓawo rawaya kada a kuskura a yanka shi, domin ɓawon kan sa ya fashe. Wutar irin waɗannan ƙarafa busasshen yashi ko busasshen gishiri ake rufe ta da shi, ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi, haka ma tukunyar kashe gobara mai iskar kabon. Manyan masana'antu ma suna shan wahalar wannan ƙarfe. Saboda yana zama ruwa-ruwa daga digiri 98 har zuwa 883, kuma yana ɗaukar zafi da kyau, an yi amfani da shi wajen sanyaya wasu tashoshin nukiliya, irin su Phénix da Superphénix a Faransa. A tashar Monju ta Japan kuwa, yoyon sodiyam ya haddasa gobara a watan Disamba na 1995, tashar ta daɗe a rufe. Tun kafin nan, a shekarar 1947, hukumomin Amurka sun rasa yadda za su yi da kimanin tan 9 na sodiyam da ya rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka gangara da gangunansa cikin tafkin Lenore a jihar Washinton, kuma hoton hayaƙin da ya turnuƙe yana nan har yau.

Tambaya daga wata mai sana'ar sabulu a Garwa: Malam, ina yin sabulu da soda da man gyaɗa ko manja. Duk lokacin da na jiƙa soda sai bokitin ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Wata rana da bokitin roba ya ɓace na jiƙa a tukunyar alminiyam, sai ta riƙa tafasa ba wuta, ta yi baƙi, daga baya ta huje. Ɗana ya ce sodiyam ne ke ciki, wai zai iya fashewa. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ɗanki ya yi rabin gaskiya. Akwai sodiyam a cikin soda, amma irin wanda ya riga ya ba da ilektaron ɗinsa ne, kamar yadda na bayyana wa ɗalibin Marwa, saboda haka ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne abokin tafiyarsa, haidiroksaid, wanda ke narkar da kitse da nama. Wannan hali nasa ne ke mai da mai sabulu, shi ne kuma ke ƙona fata. Santsin da kike ji a yatsa idan ruwan soda ya taɓa ki alama ce cewa ya fara aiki a kan fatarki.

Zafin bokiti kuwa daga narkewar sodar yake fitowa, domin ƙwayoyin ruwa suna fitar da zafi yayin da suke kama ayon ɗinta. Kowane giram 40 yana ba da kimanin kilojul 44, kuma a haɗi mai kauri irin na sabulu ruwan yana iya kusantar tafasa. Don haka ƙa'idar ita ce a auna ruwan sanyi tukuna, sannan a riƙa barbaɗa soda a cikinsa kaɗan-kaɗan ana juyawa da doguwar muciya, a waje inda iska ke kaɗawa. Idan aka zuba ruwa a kan tarin soda, ɗan ruwan da ya fara sauka yakan tafasa nan take ya fantsamo fuska.

Abin da ya faru da tukunyarki shi ne ya fi kusa da maganar ɗanki. Alminiyam ƙarfe ne mai saurin haɗuwa da ruwa, kuma abin da ya sa muke dafa abinci a cikinsa lafiya shi ne wata siririyar fata da oksijin ke yi masa, wadda ido ba ya gani, tana raba shi da ruwa. Soda tana narkar da wannan fata. Da ta tafi, sai ƙarfen ya shiga ba wa ruwa ilektaron ɗinsa, kuma kumfar da kika ga tana tashi ba wuta iskar haidurojin ce, irin wadda ke fita daga sodiyam. Da akwai murhu ko fitila kusa, ko da an rufe tukunyar gam, da labarin ya sha bamban. Ki tsaya a kan roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma ludayi da mazubin da kike zuba sabulu ya daskare kada su zama na alminiyam.

Kanwa 'yar'uwar soda ce, amma ta fi ta sanyin hali nesa ba kusa ba. Wadda ake haƙowa a kwarurrukan Kanem da gefen Tafkin Chadi, wajen Liwa da Baga Sola, gauraye ce ta sodiyam kabonet da baikabonet da gishiri da ƙasa, kuma kaifinta ya isa ya tausasa wake ya riƙe yauƙin kuɓewa ba tare da ya ƙona baki ba. Ruwan toka ma haka yake, sai dai shi fotasiyam ya fi yawa a cikinsa.

Roƙona gare ki da sauran masu wannan sana'a shi ne kada a taɓa ajiye ruwan soda a gorar ruwan sha ko kwalbar lemo, domin ba shi da launi, yaro ba zai bambanta ba, kuma kurɓi guda yana ƙona maƙogwaro ya bar tabon da zai hana haɗiya. Idan hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada a sa yaron ya yi amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi. A garzaya da shi asibiti. Idan a fata ko ido ta zuba, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, na ido kuma lalle likita ya duba.

Tambaya daga wani mai walda a Ngaundare: Malam, kabaid da muke jiƙawa mu sami gas, shi ma irin wannan ƙarfe ne?

Amsa: A'a, Malam, kabaid ba ƙarfe ba ne, haɗin kalsiyam da kabon ne, wanda ake samu idan aka gasa farar ƙasa da gawayin kwal a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000. Idan ya sha ruwa, iskar da yake fitarwa asitilin ce, ba haidurojin ba, farin taɓon da ke saura a gindin tukunya kuma kalsiyam haidiroksaid ne. Asitilin tare da oksijin yana ba da harshen wuta da ya haura digiri 3,000, shi ya sa yake narkar da ƙarfe. Warin da kake ji na dattin da ke cikin kabaid ne, wanda wani sashensa guba ne, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa bai dace a nuka ayaba ko mangwaro da shi ba. Ka ajiye gwangwaninsa a rufe, a ɗage daga ƙasa, musamman da damina, tun da Ngaundare ba ta rasa ruwa.

Tambaya daga wani mai gyaran waya a Kuseri: Malam, an ce batirin waya na litiyam ne, litiyam kuma ba ya shiri da ruwa. In batir ya kama wuta a shago, a zuba ruwa ko kada a zuba?

Amsa: Malam, batirin waya da na kwamfutar hannu, irin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, litiyam ɗin da ke cikinsa a matsayin ayon yake, yana kai da kawo tsakanin sashe biyu yayin caji da amfani, ba dunƙulen ƙarfe ba ne. Wutarsa tana tashi ne idan siririn shamakin da ke raba sassan biyu ya yage, ko saboda huda, ko lanƙwasawa, ko caja marar kyau, ko zafin rana. Nan sai zafi ya haifi zafi, ruwan sinadarin da ke ciki, wanda mai cin wuta ne, ya kama. Maganin wannan sanyayawa ce, saboda haka ruwa mai yawa yana da amfani, bayan an zare waya daga lantarki. Hayaƙin yana da guba, a fitar da abin waje, kuma a ci gaba da sa masa ido, domin yakan sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu. Batirin da ya kumbura kada ka soke shi da sukundireba don ka sace iskar, ka ajiye shi a gwangwani mai yashi nesa da sauran kaya.

Ƙananan batura masu faɗi na agogo da makullin mota da sikeli su ne ke ɗauke da ƙarfen litiyam na ainihi, don haka kada a fasa su ko a jefa su wuta. Babban haɗarinsu a gida shi ne yaro ya haɗiye. Idan batirin ya maƙale a maƙoshi, lantarkinsa yana raba ruwan jikin wurin ya haifar da haidiroksaid, irin mai cin nan da ke cikin sodar Hajiya, kuma yana iya ƙona wurin sosai cikin awa 2. Ko batirin da ya daina tayar da agogo yana da sauran ƙarfin da zai yi wannan ɓarna, saboda haka wanda ka cire wa mai kaya ka naɗe shi da salatif ka kawar da shi daga kan tebur, yaron da ake zargin ya haɗiye kuma a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa nan take, ko da bai nuna wata alama ba.